Yadda Za Ka Ziyarci Gidan Tarihi Ka Ga Sassaƙar Afirka da Idon Basira

Zuwana na farko gidan tarihi awa uku na yi ina zagaye. Babu ɗakin da ban leƙa ba, babu akwatin gilashin da ban ɗauka a waya ba. Na fito ƙafafuna sun yi tsami, da yamma wani abokina ya tambaye ni me na gani, na buɗe baki na ce, "Kawuna." Ya ce, "Na su wa?" Na yi shiru. Hotuna sun fi ɗari a wayata, amma ko ɗaya ban iya cewa ga wanda ya yi shi, ko ga abin da aka yi shi dominsa ba. Tun daga ranar na sauya salo, kuma salon ne zan shimfiɗa a nan, daga shirin fita har zuwa ƙofar fitowa.

Kafin ka bar gida

Fara da sanin irin gidan da za ka je, don ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai gidajen da ke kusa da inda aka tono kayan, irin su gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda ake ganin kayan Nok, wato tsofaffin siffofin yumɓu da aka tono a tsakiyar Najeriya, da na Legas da aka kafa a 1957, da na Ife, da na Esie mai ɗaruruwan mutum-mutumin dutse. Akwai sababbin gine-gine kamar Gidan Tarihin Wayewar Baƙar Fata da aka buɗe a Dakar a 2018. Sannan akwai manyan rumbunan da ke wajen nahiyar: Gidan Tarihin Birtaniya a Landan, da Quai Branly a Paris, da gidan Tervuren kusa da Brussels wanda ya fi ƙarfi a kayan Kwango, da gidan fasahar Afirka na Smithsonian a Washington. Kowanne da ɓangaren da ya fi ƙwarewa a kai. Wanda ya je Tervuren yana neman kawunan Ife ya yi ɓatan kai.

Duba ranaku da lokutan buɗewa, kuma ka duba a makon da za ka je. Da yawa daga gidajen Turai ba sa buɗewa ranar Litinin, Quai Branly da Tervuren duka suna cikinsu. Wasu shiga kyauta ne, wasu sai da tikiti, wasu kuma sai ka kama lokaci ta intanet tun kafin ka zo. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tambayar ko ɓangaren Afirka a buɗe yake. Ana rufe ɗaki don gyara, ana ba da aron abu zuwa wata ƙasa, kuma kaɗan ne daga abin da gida ya mallaka ake fitarwa a gani, sauran suna ma'ajiya. Idan akwai abu guda da ya sa za ka yi tafiyar, kira ko ka aika saƙo ka tabbatar yana nan.

Sai ka ɗan yi karatu, amma kada ka cika. Zaɓi al'umma biyu ko uku ka san inda suke a taswira da zamanin da suka yi tashe. Wannan ya isa. Wani ruɗani da ya kamata ka warware tun a gida: Masarautar Benin mai tagulla tana kudancin Najeriya ne, a jihar Edo ta yau, ita kuwa Jamhuriyar Benin ƙasa ce daban, wadda tsohuwar masarautarta ita ce Dahomey mai fada a Abomey. Za ka ci karo da sunayen biyu, kuma na sha ganin masu kallo suna cakuɗa su.

Sa takalmin da ba ya matsi, ka riƙi ƙaramin littafi da fensir, don wasu gidajen ba sa yarda da biro kusa da kaya. Babbar jaka za a ce ka ajiye ta a ƙofa, saboda haka gara kada ka ɗauko ta. Ka je da safe, lokacin da ido bai gaji ba kuma 'yan makaranta ba su cika wurin ba.

Zagayen farko, sannan zaɓe

Da shigarka karɓi taswirar gidan, ka tambayi ma'aikacin da ke ƙofa ko akwai mai zagayawa da baƙi da kuma lokacin da yake farawa. Ka wuce kai tsaye ɓangaren da ya kawo ka. Kada ka tsaya a ɗakunan da ke kan hanya, nan ne ƙarfin mutum ke ƙarewa tun bai isa ba.

Yi zagaye guda na minti goma zuwa sha biyar ba tare da karanta komai ba, waya tana aljihu. Tafiya kawai, kana lura da abin da ya ja idonka ya sa ka rage sauri. Idan ka kai ƙarshe, zaɓi abu biyar ko shida. Su ne ziyararka. Na san da wuya mutum ya biya kuɗin mota ya zo ya ce shida kawai zai kalla a cikin ɗaruruwa, amma ido ma yana ƙoshi kamar ciki, bayan awa ɗaya da rabi duk abin da aka ƙara masa zubewa yake.

Tsayuwa gaban abu guda

Nan ne aikin yake, don haka nan zan daɗe.

Ka ba kowane abu minti biyar aƙalla, kuma kada ka fara da 'yar takardar bayanin da ke gefe. Fara da girmansa. Hoto yana yaudara ƙwarai a nan. Fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia, mahaifiyar Oba Esigie na Benin, wadda aka yi tambarin bikin FESTAC na 1977 da ita, mutane da yawa suna zaton babba ce. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya da 'yan kai ba, don ba a fuska ake sa ta ba, sarki ne ke rataya ta a jikinsa. Idan ka matsa kusa da wadda ke Landan za ka ga saman kanta an jera ƙananan kawunan Turawan Fotugal masu gemu, 'yan kasuwar da suka fara zuwa Benin a ƙarshen ƙarni na 15. Wanda ya wuce da sauri zai ɗauka kitso ne.

Daga nan ka zagaya shi in akwai hanya. Sassaƙa ba zanen bango ba ce, tana da gaba da baya da gefe, kuma sau da yawa a ƙeya ne gwanin ya zuba basirarsa, wajen kitso ko tsagar wuya. Ka rusuna ka dube shi daga ƙasa. Wasu abubuwan an yi su ne don a aza a ka, mai kallo yana ɗaga kai sama, wasu kuma don a ajiye a ƙasa mutum ya durƙusa gabansu. Akwatin gilashi ya daidaita su duka a tsayin ƙirji, wanda ba haka masu su suka gan su ba.

Sai ka tambayi kanka da me aka yi shi, don kowane abu da inda ake kama shi.

In gasasshen yumɓu ne, duba ramuka. Kan Nok ana gane shi da ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kuma huda a hanci da baki da kunne. Cikinsa fanko ne, an gina shi ne yadda ake gina tukunya, kuma hudojin sun taimaka wa zafi da tururi su fita lokacin gashi don kada ya fashe. Ka lura da ƙwayoyin tsakuwa a jikin yumɓun, da yadda kowane kai yake da nasa gyaran gashi. Waɗannan kayan sun haura shekara 2000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, kuma kan da aka samu a yankin Jama'a na kudancin Kaduna a 1943 sai da ya yi zaman mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, wanda ya gane darajarsa.

In tagulla ce, ka san cewa ba sassaƙa ta aka yi ba, zuba ta aka yi. Maƙeri zai gina siffa da yumɓu, ya lulluɓe ta da kakin zuma, ya zana duk wani ado a jikin kakin, ya sake rufewa da yumɓu. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakken ƙarfe ya maye gurbinsa. Bayan ya huce a fasa ɓawon. Tunda sai an fasa, ba a iya sake zuba wani a ciki, kowane kai shi kaɗai ne irinsa. Da wannan a ranka ka tsaya gaban kan Ife. Dubi siraran layukan da suka gangaro daga goshi zuwa haɓa, a jere ba ɗaya da ya hau ɗaya, ka tuna da hannu aka ja su a jikin kaki. Dubi 'yan ramukan da suka kewaye baki da gefen gashi, inda masana ke ganin ana ɗaura gemu ko labulen duwatsun ado ko kambi. Dubi kwanciyar leɓe da natsuwar fuskar. Lokacin da Bajamushe Leo Frobenius ya ga irin wannan a Ife a 1910, ya kasa yarda cewa baƙar fata ne suka yi, har ya danganta aikin da wata tsohuwar daula ta almara. Kawunan da aka tono a 1938 wajen haƙa harsashin gini a Ife da binciken da ya biyo baya sun rufe wannan bakin. A shekarar ce kuma aka ci karo da tagullar Igbo-Ukwu, wadda ta girmi ta Ife, tun wajen ƙarni na 9, mai ado sirara kamar saƙa.

In itace ne, nemi sawun gizago. Mafi yawan sassaƙar itace daga gungume ɗaya ake fitar da ita, ba haɗi ba ƙusa. Ka duba inda ya yi sheƙi saboda shafar hannu, da inda ya yi baƙi da kauri saboda hayaƙi ko mai ko abin da aka riƙa zuba masa, da inda gara ta ci. Waɗannan tabo su ne shaidar ya yi aiki. Kuma gara da damina ne suka sa da wuya ka ga itacen da ya wuce shekara 200, ba wai kafin nan ba a sassaƙa ba.

Kada ka yi saurin cewa mai aikin bai iya daidaita jiki ba don ka ga kai ya yi kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na tsawon mutum. Da gangan ne. A wurin Yarabawa, alal misali, kai shi ne mazaunin ƙaddarar mutum, saboda haka shi ake girmamawa. Hannun da ya iya fitar da fuskar Ife ba zai gaza auna ƙafa ba.

Tambayar da ta fi kowace: me yake yi kafin ya shiga gilashi?

Kusan babu abin da za ka gani a ɗakin nan da aka yi don a kafe shi a yi ta kallo. Kowanne ma'aikaci ne da aka yi wa ritaya. Kuma ba duk abin da aka sassaƙa ne gunki ba, kamar yadda wasu ke yi musu kuɗin goro. Akwai na bauta, babu musu. Amma akwai kujerar sarki, da ƙyauren ƙofa, da ma'auni, da tambarin mulki, da abin tunawa da mamaci, da kayan wasa.

Allunan tagulla na Benin a jikin ginshiƙan fada aka kafa su, ka duba kusurwoyinsu za ka ga ramukan ƙusa. Littafin tarihin fada ne: wanda ya fi girma a tsakiya shi ne mai muƙami, ƙananan da ke gefe bayi ne ko fadawa, yawan murjani a wuya yana nuna daraja, damisa kuma alamar Oba ce. 'Yan ƙananan siffofin tagulla na mutanen Asante a Gana, masu kamar tsuntsu ko kada ko mutum, ma'aunin garin zinariya ne a kasuwa, kuma da yawansu karin magana ne aka mayar ƙarfe. Ciwara ta Bamana a Mali, mai siffar gwanki da dogayen ƙahoni, a ka ake ɗaura ta a kan ɗan kwando, mace da namiji, a yi rawa da ita don yaba wa manoma. Ta macen tana goye da ɗa.

Wanda ya fi tsorata baƙo shi ne nkisi nkondi na mutanen Kongo: mutum-mutumin itace a tsaye, jikinsa cike da ƙusoshi da guntayen ƙarfe, da madubi ko ƙwayar wuri a cibiya. Mai kallo yakan ɗauka azabtar da wani ake yi. A'a. Kowace ƙusa magana ce da aka ƙulla: rantsuwa, ko sulhu tsakanin masu gaba, ko neman a bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. Idan ka tsaya gabansa, kamar kana duba kundin shari'ar gari guda ne.

Fuskokin dodanni su ne gilashi ya fi cuta. Abin da ka gani rataye a sanda guntu ne kawai, an raba shi da rigarsa ta ciyawa ko yadi, da kiɗa, da ƙura, da mai rawa, da taron da ke kaucewa. Duba gefen fuskar za ka ga jerin ramukan da ake ɗinka rigar a ciki. In ka samu leƙa cikinta, ka duba ko ta yi duhu da santsi saboda gumin goshi. Idan gidan yana nuna bidiyon rawar, zauna ka kalla har ƙarshe, sannan ka koma gaban fuskar.

Yanzu karanta takardar

Bayan idonka ya gama nasa, sai ka duba bayanin. Yawanci za ka samu sunan al'umma, da ƙasa, da zamani, da abin da aka yi shi da shi, da wata lamba. Rubuta lambar a littafinka, da ita za ka nemo abin a shafin gidan idan ka koma.

Abu biyu nake so ka lura da su. Na farko, wurin sunan mai aikin sau da yawa fanko ne. Wannan ba ya nufin ba shi da suna. Mutanen garinsa sun san shi sarai, wanda ya kwaso kayan ne bai damu ya tambaya ba. Inda aka bi diddigi an samu sunaye, kamar Olowe na Ise, gwanin sassaƙar ƙyamare da ginshiƙan fadojin Ekiti, wanda ya rasu wajen 1938.

Na biyu, layin ƙarshe, mai faɗin yadda abin ya zo gidan. Shi ne mafi ƙanƙantar rubutu, kuma shi ne ya fi nauyi. In ka ga 1897 a jikin kayan Benin, shekarar ce sojojin Birtaniya suka ci birnin da yaƙi, suka kwashe dubban kaya daga fada, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba. In ka ga 1892 a kayan Abomey, yaƙin Faransa da Sarki Behanzin ne. In ka ga 1874 a zinariyar Asante, harin Kumasi ne. Wasu kayan kuwa saye aka yi, wasu kyauta, wasu tono, don haka kada ka yanke wa duka hukunci ɗaya. Maganar mayarwa tana tafiya: Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021, Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,000 a 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025. Tambayar ma'aikaci yadda abu ya zo ba rashin kunya ba ne. Ka yi ta cikin ladabi, ka tuna ba shi ya ɗauko ba.

Hoto, hannu da yara

Kada ka taɓa komai, ko da babu gilashi. Gumin hannu yana cin tagulla, yana ɓata itace. Kada ka jingina da akwati. Tambayi dokar hoto tun a ƙofa, kuma ko an yarda, kashe filashi, don haske mai ƙarfi yana kashe launin yadi da fenti, shi ya sa ma za ka ga ɗakin kayan saƙa da duhu-duhu. Ɗauki abin, nan take ka ɗauki takardarsa, in ba haka ba ka koma gidan jiya irin nawa. Abin da ya fi hoto amfani shi ne ka gwada zana abu guda da fensir. Ko ba ka iya zane ba, hannunka zai tilasta wa idonka ƙirga abin da da ka tsallake.

In da yara ka je, rage lokacin zuwa minti arba'in, ka ba su aiki: su nemo damisa nawa ke ɗakin, ko wane kai ne ya fi yawan kitso.

Bayan awa ɗaya ka fita ka zauna, ka sha ruwa, sannan ka dawo.

Kada ka tsallake na zamani

Mutane sukan ƙare ƙarfinsu a tsofaffin kaya su wuce ɗakin ƙarshe a guje, alhali nan ne za ka ga sana'ar ba ta mutu ba. Nemi tukwanen Ladi Kwali masu zanen ƙadangare da kifi, da tagullar Ben Enwonwu, wanda aikinsa Anyanwu ke jikin gidan tarihi na Legas. Nemi aikin El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka: daga nesa kamar ƙaton mayafin zinariya ya zubo daga bango, ka matso ka ga murafan kwalabe ne dubbai aka daddaƙe aka ɗinke da wayar jan ƙarfe. A Landan akwai kujerar da wani ɗan Mozambik ya ƙera da bindigogin da aka karɓa bayan yaƙin basasar ƙasarsu.

Wajen fita za ka bi ta shagon gidan. In za ka sayi abu ɗaya, sayi littafin kayan gidan ko katin hoton abin da ka fi daɗewa a gabansa. Kwaikwayon da aka rubuta cewa kwaikwayo ne babu laifi. Amma in wani ya tare ka a waje ya ce yana da "na asali", kan Nok ko tagullar tono, ka wuce abinka. Ko dai jabu ne da aka binne a ƙasa ya yi tsufan ƙarya, ko kuwa na gaske ne da aka sato daga ramin tono, wanda dokar ƙasashe da yawa ta hana saye da fitarwa, kuma a filin jirgi kai za a riƙe.

Kafin ka hau mota, samu benci ka buɗe littafinka. Rubuta abubuwa shidan nan daga ka, ba tare da duba waya ba: sunan kowanne, da abin da aka yi shi da shi, da aikin da yake yi a da. Wanda ya ƙi zuwa maka, koma ciki ka sake dubansa tun ba a rufe ƙofa ba.